Shawara nake nema: yadda zan raka uwargida gudun kilomita 21 da tsarin sassarfa da tafiya

Dan_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar gudu ku taimaka min da shawara. Uwargida ce ta ƙudurta sai ta yi rabin gudun fanfalaki, wato kilomita 21 da ɗan ɗoriya, akwai wanda za a yi a Abuja nan da wata uku har mun yi rajista mu biyu. Asalin abin bayan haihuwarta ta uku ne likita ya ce jininta yana ɗan hawa, ta rage gishiri ta dinga motsa jiki, toh daga zagayen unguwa bayan sallar asuba muka koma shiga cikin ABU muna zagayawa, yanzu shekara ɗaya da rabi kenan kuma Alhamdulillah jinin ya daidaita, tana yin kilomita 10 in ta lallaɓa.

Inda matsalar take ni ne. Ni na saba gudu tun ina sakandare, kilomita ɗaya a minti 5 da rabi ba ya min wuya, ita kuma tana kai minti 8. Ranar Asabar muka fita da niyyar kilomita 12, ina gaba ina waige ina cewa taho mana saura kaɗan, wajen na 8 kawai ta samu bakin kwalbati ta zauna ta cire kambas ɗinta tana haki, har muka isa gida ba ta ce min uffan ba. Sai da ta sha ruwa ta ce "Baban Ummi, in gudunka za ka yi ka je ka yi, ni ba zan iya bin ka ba." Wallahi maganar ta tsaya min a rai don ita ce mai burin, ni rakiya ce tawa.

Na ji ana maganar a yi sassarfa a yi tafiya a sake sassarfa har a gama. Minti nawa-nawa ake yi? Kuma sai an gaji ake fara tafiyar ko yaya?

Tsohon_Soja_Basawa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka jira ta gaji, wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi. Tun daga kilomita na farko za ku fara tafiyar, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi kuna jin kamar ɓata lokaci ne. In ka bari sai haki ya kama ta toh wannan ba hutu ba ne, jan ƙafa ne, kuma ba za ta ƙara komawa gudun yadda ta fara ba. Wani Ba'amurke Jeff Galloway shi ya yaɗa tsarin tun 1974, kuma mutumin da ya yi wa ƙasarsa gudun mita 10,000 ne a Olamfik na Munich a 1972, saboda haka ba dabarar ragwaye ba ce.

Ga lissafi ka gani. A ce tana sassarfa a kan minti 7 da rabi duk kilomita, minti 2 zai ba ta wajen mita 267. Tafiya da sauri ta minti 1, kamar mai son ya riski jam'i, wajen mita 90. Kenan duk minti 3 kun ci kusan mita 357, in ka raba kilomita 21.1 da wannan zai ba ka zagaye kusan 59, awa 3 ba 'yan mintuna kenan. Mai son gamawa a awa 3 cif yana buƙatar minti 8 da daƙiƙa 32 ne a kowane kilomita, ka ga tana ciki. In minti 2 ya mata yawa ku koma daƙiƙa 90 da 30, ko minti ɗaya-ɗaya, ku gwada a atisaye ku ga wanda take iya magana a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, shi ne nata.

Ni na yi na Kaduna a Nuwamba 2020, na biye wa samari da aka busa usur, kafin kilomita 15 dambubuna ya ɗaure tamau, ina ji ina gani wani dattijo da na wuce tun farko yana tafiya ya zo ya shige ni.

Agogo a hannunka zai kasance, ka sa taima a waya ta dinga ƙara. Kuma ranar gasa in za ku koma tafiya ka ɗaga hannu ku raɓe gefe tukuna, akwai mutane a bayanku.

Kwangila_Boy:
Ni dai gaskiya in za a yi gudu a yi gudu, in tafiya ce a yi tafiya. Ba gara ta yi na kilomita 10 ta gama da gudunta ba, baɗi ta yi 21 ɗin?

Maman_Biyu_Kongo:
Kwangila_Boy ai nisan ɗaya ne, kilomita 21 ɗin nan ƙafarta ce za ta taka shi duka, kuma lambar da za a rataya mata iri ɗaya ce da ta kowa.

Malam Dan_Samaru bari in faɗa maka daga ɓangarenmu, don ni ma yayana ne yake raka ni kuma mun sha irin wannan. Babu abin da ke karya zuciya kamar ki ga bayan mutum yana nisa yana waigowa, ko bai yi magana ba kin san jiran ki yake, sai ki ƙara sauri don kunya, bayan minti goma kin ƙare. Ka dawo gefenta, kafaɗa da kafaɗa, ko ma ka bar ta ta ɗan fi ka da rabin taku yadda ita ce za ta sa saurin kai ka bi. In a titi ne irin hanyar Sakkwato kai ka tsaya ɓangaren motoci saboda masu keke napep da 'yan acaɓa.

Sannan dan Allah ka daina "saura kaɗan". Mun san ba kaɗan ba ne. Ka ce mata saura daƙiƙa 30 mu taka, shikenan, minti 2 kowa zai iya daurewa, kanta ba zai tafi kan kilomita 13 da suka rage ba. Wajen na 16 zuwa sama in ta yi shiru kai ma ka yi shiru, ka miƙa mata ruwa kawai. Akwai ranar da yayana ya fara min wa'azin juriya a daidai lokacin nan, hawaye ne kawai suka zubo min.

Na mata kuma: ta samu hijabi ƙarami mara nauyi wanda ba ya riƙe gumi, da riga mai faɗi da wando, ta shafa basilin a ƙarƙashin haɓa da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, in ba haka ba kilomita 15 ta isa ta saɓule mata fata. Kar ta sa sabon takalmi ranar, wanda ta yi atisaye da shi za ta sa ko da ya koɗe, sabo bororo zai mata.

Nas_Tudunwada:
Tunda akwai tarihin hawan jini ta koma wajen likitanta ta gaya masa nisan da za ta yi, musamman in tana shan magani, wasu magungunan suna sa yawan fitsari wasu kuma suna rage bugun zuciya. Ciwon ƙirji, jiri ko ganin duhu-duhu, a tsaya nan take, babu lallaɓawa. Ruwa kurɓi-kurɓi a lokacin tafiyar, kar ta ɗaga fiyawata biyu a tashi ɗaya, yawan ruwa zalla ma yana tsinka gishirin jini. Dabino biyu ko uku duk minti 45, amma a saba da shi tun a atisaye. In hunturu ya shigo da ƙura kuma ba a jin ƙishi sosai amma jiki yana bushewa, a kula. Doguwar fita sau ɗaya a sati ta isa, ku dinga ƙara kilomita 1 ko 2 har ku kai 17 ko 18, sati biyun ƙarshe ku sassauta.

Dan_Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman_Biyu na karanta mata naki da daddare ta ce wallahi kamar kin shiga zuciyarta. Yau da asuba muka gwada minti 2 da 1, ina gefenta waya a hannuna, sau uku na kama kaina ina zarcewa na dawo. Mun yi kilomita 12 a awa 1 da minti 41, ba ta zauna ba ko sau ɗaya, har a hanyar dawowa take tambaya ko Asabar mai zuwa mu yi 13. Wajen likita kuma Litinin in sha Allah.

Yallaɓai Tsohon_Soja, inda akwai hawa fa, mu bi agogo ko mu taka har mu gama hawan?

Tsohon_Soja_Basawa:
Ku taka abinku, in kun sauko gangare ku rama. Ka dai tsayar da taimar a ƙasan hawan ka sake kunnawa a sama don kar ƙarar ta ruɗe ku.