Yaro ya yi min tambaya a makarantar Lahadi, na rasa amsa

Salama 'yan uwa, don Allah admin a ɓoye sunana. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi nan Sabon Gari, jiya muna haddar 1 Yahaya 4:8, Allah ƙauna ne, kawai wani ɗan shekara 11 ya ɗaga hannu wai malama to ya aka yi a 1 Sama'ila 15 Allah ya ce wa Saul ya kashe Amalekawa har da jarirai masu shan mama? Gumi ya keto min, alli na hannuna, na ce masa sai sati mai zuwa. Ni kaina abin ya daɗe yana ci min rai. Me zan ce masa?

Wani ɗan'uwa:
Ki ajiye Tsohon Alkawari kawai, Sabon ya ishe su.

Ɗalibin tauhidi, Samaru:
Haba ɗan'uwa, ai abin da Marsiyon, wani mai koyarwa da ya ƙi Tsohon Alkawari, ya yi kenan ikilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Malama ki buɗe sura 30 a 1 Sama'ila ɗin nan dai, Amalekawan da aka ce an gama da su su ne suka dawo suka ƙone garin Ziklag zamanin Dawuda. Haka sarakunan lokacin ke ba da labarin yaƙi, kamar kirari, ko Fir'auna Merneptah wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu ya sa an rubuta a dutse wai Isra'ila ta ƙare ba iri, alhali ga su nan. Amma gaskiya wannan rage zafi ne kawai, umarnin na nan a rubuce, ni ma yana hana ni barci.

Baba daga Wusasa:
'Yata, kar ki yi wa yaron nan kwana-kwana, ki ce masa wurin da wuya, mu manya ma muna fama. Sannan ki karanta masa Luka 9, inda Yakubu da Yahaya suka so kiran wuta daga sama kan ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juyo ya tsawata musu. A 1987 da rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u, samarinmu sun zo mana da labarin yaƙe-yaƙen Joshuwa suna neman ramuwa, Luka ɗin nan muka buɗe musu.

Mai tambaya:
Na gode Baba. To in ya ce jariran fa, su me suka yi?

Baba daga Wusasa:
Ki ce Baba ma har yanzu yana tambaya. Ki kawo min shi bayan sujada mu zauna.