Wai ni kaɗai ne nake kewar tsohon D&D, ko tsufa ne ya kama ni?

Tsohon_DM:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da littattafaina na AD&D (Advanced Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake buga jarumai da dayis) bugu na biyu, wanda kamfanin TSR ya fitar a 1989, bangon duk ya ɗaye, a ciki har da takardar wani karaktan ɓarawo da na buga shekara da shekaru da suka wuce, wajen HP (makin rai) ɗin ya huje saboda yawan gogewa. Wallahi sai na zauna a ƙasa na kusa awa ɗaya ina ta buɗawa. Yanzu kuma bugu na 5 nake ja wa ƙannena da abokansu duk sati, kuma ba wai ba daɗi ba, akwai daɗi, amma akwai wani abu da ba na ji, wannan faɗuwar gaban idan ka tsaya a bakin ƙofa ba ka san me ke bayanta ba. Yarana na yanzu sai dai su banko ƙofa su shiga, don sun san ko an kayar da mutum sai ya faɗi gwajin mutuwa sau uku kafin a ce ya tafi, kuma kafin nan wani ya tashe shi. To tambayata, dokokin da ne suka fi, ko ƙuruciyata kawai nake kewa ina ɗora wa littafi?

Mai_Sanda10:
Wa alaikumus salam Malam. Ba tsufa ba ne, ko in ce ba tsufa kaɗai ba. Akwai abin da ke cikin dokokin kansu, kuma ni a wajena bugun Basic da Expert na 1981, na Moldvay da Cook, ya fi nuna shi fili fiye da naka na 1989 ma.

Ka duba lissafin nan. A can kowane zinare ɗaya da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne na XP, makin da ake hawa mataki da shi. Mayaƙi yana buƙatar 2000 kafin ya hau mataki na biyu, shi kuwa goblin in ka kashe shi maki 5 za a ba ka. Wato goblin 400 kenan, wa zai rayu har ya ga ƙarshen wannan? Don haka duk mai hankali ya san faɗa asara ne, dabara ita ce ka lallaɓa ka kwashi dukiya ka fice, in da hali ka haɗa dodanni faɗa da junansu kai kana gefe. Sannan ga lokaci yana cinka, wutar da kake haskawa awa ɗaya take yi ta mutu, kuma duk bayan minti 20 na cikin wasa DM, wato mai jan wasan, zai jefa dayis, in 1 ta fito wani dodo mai yawo ya same ku, shi galibi ba wata dukiya a jikinsa. Su dodannin ma ba dole su afka maka ba, ana jefa dayis biyu a ga yadda za su karɓe ka, in faɗa ya yi zafi kuma a sake jefawa a ga ko za su arce. Duk wannan ne ya haifar da faɗuwar gaban da kake magana. Matsafi da HP daga 1 zuwa 4 da tsafi ɗaya tal a rana, in Allah ya taimake shi Sleep, tsafin sa barci, ya samu, ya jefa sau ɗaya ya koma bayan mutane yana riƙe fitila. Mutumin da wuƙa ɗaya za ta iya gamawa da shi ai dole ya riƙa zungurar ƙasa da sanda kafin ya taka.

Hajiya_d20:
Hhhh ku dai tsofaffi ba kwa faɗin ɗaya ɓangaren. Yaya Tsohon_DM tsakaninka da Allah ka manta THAC0, wannan lambar da ake lissafa ko saranka ya samu? Sulke mafi kyau shi ne mai ƙaramar lamba, har ya gangara ƙasa da sifili, sai ka ga ƙato da gemu yana ƙirga yatsu wai 17 a cire -2 nawa ne. Ni a kan bugu na biyun na fara kuma na sha wannan wahalar, da bugu na 3 ya zo a 2000 aka ce lamba babba ita ce mai kyau a ko'ina, wallahi ajiyar zuciya na yi. Shi kuma na 1981 da Mai_Sanda10 yake yabo, ɓarawo a matakin farko kashi 10 cikin 100 ne damarsa ta gano tarko, to ɓarawon me kenan? Cikin jinsunan karakta kuma halfling ya tsaya a mataki na 8, elf a 10, dwarf a 12, haka kawai. Ga jefa dayis uku a jere don fitar da ƙarfi da sauran halayen karakta ba zaɓi, ka zo da niyyar mayaƙi ka tashi da ƙarfi 6.

Abin da kuke kewa a ganina lokaci ne. Da za mu zauna tun yamma har dare ya raba ba wanda yake neman wani, ba waya a hannu. Yanzu haɗa mutum biyar rana ɗaya ma aiki ne.

Auta_B2:
Anti da girmanki amma ban yarda duka ba. Ni ban ma zo duniya ba lokacin da ake waɗannan littattafan, da bugu na 5 na fara, to ƙuruciyar wa nake kewa? Wani ne ya ja mana labarin wasan Keep on the Borderlands na Gary Gygax da dokokin Old-School Essentials, wanda kusan na 1981 ɗin ne aka sake shirya shi tsaf, kuma akwai zaɓin lissafin sulke mai hawa sama ga wanda ba ya son wancan ciwon kan. Karakta ta farko ko awa ɗaya ba ta yi ba ta mutu, cikin minti biyar na haɗa wata na dawo teburi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na daina kallon takardata ina neman abin da zan iya, sai na koma yi wa DM tambaya, ƙasan nan akwai ƙura? ƙofar ciki take buɗewa ko waje? Kuma ba mu kaɗai ba ne, tun 2006 da aka fitar da OSRIC, wato dokokin AD&D bugu na farko da aka sake rubutawa, mutane suke farfaɗo da tsofaffin dokokin nan, lasisin OGL mai ba kowa damar amfani da dokokin, da kamfanin Wizards of the Coast suka kawo tare da bugu na 3 ne ya buɗe hanyar.

Hajiya_d20:
To Auta na ji, amma ka faɗa min nawa ne a teburinku suka dawo sati na biyu bayan an kashe musu karakta? Akwai wanda zai zauna ya rubuta tarihin jarumarsa shafi uku, shi wannan in ka kashe masa ita a ɗakin farko ka rasa shi kenan har abada.

Auta_B2:
Mu shida ne, huɗu suka dawo 😅

Tsohon_DM:
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya kin taɓa ni a maganar lokaci, don da na sake duba takardar ɓarawon nan ban tuna dokar komai ba, fuskokin waɗanda muka zauna tare na tuna, ɗayansu ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. THAC0 kuma ban ce zan kare shi ba. Amma maganar Mai_Sanda10 ta zinare ta tsaya min a rai, don a bugu na biyu an riga an mayar da ita ta ganin dama kuma mu ba mu taɓa aiki da ita ba, ashe wasan da nake kewa ma ban buga shi cikakke ba. Sati mai zuwa zan ce wa yaran su ajiye jarumansu na bugu na 5 na dare ɗaya, kowa ya jefa dayis uku a jere, ya haɗa karakta biyu don ko ta kwana. Mai_Sanda10, a na 1981 ɗin HP na matakin farko jefawa kuke yi ko cikawa kake ba su? Don ƙaramar cikinsu in ta jefa 1 na san kuka za a yi.