Wutar cek a tsohuwar mota: a rufe ta da salatif ko a bi bayanta?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ku raba mu gardama da maƙwabcina. Corolla ce da ni ƙirar 2005, shigowar Kwatano. Yau shekara uku ke nan 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji tana kunne a dashbod. An cire kan batir ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. An share ta da kwamfuta, kafin in kai Kwanar Ɗangora ta dawo. Mota kuwa tana tafiyarta, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Ni dai a ganina wutar cek a tsohuwar mota ado ce kawai. Dokar hayaƙi ce ta Turawa, mu nan wa ya taɓa tare ka ya shinshina salansa? Jiya na yanki baƙin salatif na manne ta na huta. Shi kuma ya ce kashe motar nake yi a tsaye.

Direban Zariya: Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi daidai. Na ja 504 haɗin Kaduna shekara da shekaru, babu wata wutar cek, kunnena ne kwamfutata. In inji ba shi da lafiya ai za ka ji. Ka shiga tasha ka leƙa mota goma, ka faɗa mini nawa ne wutarsu ba ta kunne.

Oga Rewaya: Direba, 504 kafireto gare ta, ba ta da birenbos, wato kwamfutar inji. Ba a haɗa su. Motar Alhaji kwamfuta ce ke auna mata mai da iska, tana neman kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, kuma da sensa take gani. Sensa ta yi mata ƙarya, sai ta zuba mai bisa ƙarya, kai kuma ba za ka ji a kunne ba, a aljihu za ka ji.

Amma ba ma a nan gizo ke saƙa ba. Wutar nan ƙwaya ɗaya ce tak, laifuffukan da ke kunna ta kuwa ɗaruruwa ne. Murfin tanki da bai rufu ba yana kunna ta. Kwayil, mai ba fulogi wuta, in ya mutu yana kunna ta. In ka saba da ganinta a kunne saboda ƙaramin abu, ranar da babban ya zo da me za ta faɗa maka? Ta riga ta yi ihun da za ta yi. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne ƙiftawa. In ta fara ƙyaf-ƙyaf kana tafiya, ma'anarsa wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana dafa indomi. Wannan tsayawa ake yi a gefen titi. To kai Alhaji ka sa salatif, ta ina za ka gani?

Maman Sadiq: Don Allah mene ne indomi kuma? Ni na san dai na kai tawa gareji gyaran burki, ta kwana a can, da na karɓo sai ga ƙara kamar babur da wani wari mai hawa kai. Wutar ta kama a ranar. Da na koma sai yaron ya ce wai haka motocin Beljiyam suke in sun sha iskar Nijeriya.

Oga Rewaya: Hajiya Allah ya mayar da alheri, an yi miki sata. Wani tukunya ne a jikin salansa kusa da inji, cikinsa akwai abu kamar saƙar zuma ko taliyar indomi, shi ya sa kanikawa ke ce masa indomi. An shafe shi da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, su ne 'yan gwangwan ke saye. Akan yanke tukunyar, a kwashe cikin, a yi walda a mayar. Ki sa a ɗaga motar ki duba, za ki ga sabon ɗinkin walda. Akwai sensa a gabansa, akwai a bayansa. In birenbos ya ga hayaƙin da ya shiga da wanda ya fita iri ɗaya ne, sai ya rubuta lambar laifi P0420 ya kunna wuta. Ko sau ɗari aka share sai ta dawo, don gaskiya take faɗa.

Direban Zariya: To ai ka zo wajena. In an cire indomi mota na tafiya, har ma ta fi sakewa. Wutar me take tsare mini?

Ɗan Sabon Gari: Ƙarya ne wallahi, cire indomi shan mai yake jawowa. Kowa ya sani.

Oga Rewaya: Ku duka biyu kun kama wani gefe kun saki wani. Indomin da ya narke ya toshe, i, shaƙe mota yake yi. Ka taka totur ta ƙi tashi, ta zo hawa ta riƙa nishi, wani lokaci da dare ka ga tukunyar ta yi ja. Wannan in aka fasa shi dole mota ta sake. Amma lafiyayye ba ya tare komai da za ka ji. Shan mai kuma yawanci ba cirewar ce ke kawo shi ba, sensar baya gadi ne babban aikinta. Abin da ya kashe indomin tun farko, shi ne ke shan man: fulogi da ya gaji, nozul mai ɗiga, sensar gaba da ta tsufa, ko inji mai cin baƙin mai. Indomi ba kasafai yake mutuwar Allah da Annabi ba, kashe shi ake yi. Shi ya sa wanda ya sayi wani ya ɗaura ba tare da ya nemo makashin ba, wata shida ya dawo yana zagin mai kaya.

Baba Mai Gareji: Yaro ka iya magana. To faɗa musu na tamostat ma, na san can za ka, don kullum mu kuke zagi a kai.

Oga Rewaya: Baba ni na isa in zage ku? A hannun irinku muka koya. Amma tunda kun ba ni dama: an ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Tamostat ne ke tare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Mota na sauka daga Kwatano sai a zare shi, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga kunna makulli, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Sai inji ya wuni bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu ko a doguwar hanya. Birenbos na ganin sanyi yana ƙara mai, kamar an ja cok an manta. Lambarsa P0128. Motocin da ke yawo a Makka da Madina duk da tamostat ɗinsu, ai ba mu fi su rana ba.

Baba Mai Gareji: Duk na yarda, amma saurara. Motar Makka ruwan me ake zuba mata? Nan mutum ruwan rijiya zai ɗura a lagireto, wani fiya wata zai fasa da haƙori ya zuba. Shekara guda tsatsa ta cika ko'ina. Tamostat ya maƙale a rufe tsakanin Kaduna da Abuja, allura ta hau, mai mota yana waya bai kula ba, gaskit ya ƙone, tof silinda ya lanƙwashe. Wa zai zo ya tsaya a kansa yana zage-zage? Ni. Sau nawa aka yi mini? Ka je kasuwa neman sabo, a ba ka jabu a kwali mai kyau. To na zaɓar wa mutum ƙarin shan mai a kan saukar da inji. Ba jahilci ba ne, lissafi ne.

Oga Rewaya: Lissafin ya yi a zamanin da lita ba ta kai naira 200 ba, Baba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Yanzu kuɗin ruwan lagireto na gaskiya da tamostat mai kyau, a gidan mai ake biyansu kowane wata ba a sani ba.

Baba Mai Gareji: Wannan kam ka ci. Amma ka samo mini mai motar da zai yarda ya sayi ruwan gwangwani, in mayar masa da tamostat kyauta.

Yaya Injiniya: Gaisuwa daga Manchesta. Alhaji yana da gaskiya a abu ɗaya, asalin wutar nan dokar hayaƙi ce. Amurka ta wajabta tsarin OBD2 a motoci daga 1996, Turai ta bi a motocin fetur daga 2001, shi ne mai ramin nan mai haƙora 16 da ke ƙasan sitiyari, inda ake jona kwamfutar duba mota. A nan Ingila, tun Mayun 2018 mota mai wutar cek a kunne faɗuwa take yi a gwajin shekara. Da dama in kuɗin gyara ya fi ƙarfin darajar motar, sai a rabu da ita, wasu kuma jirgin ruwa suke hawa. Don haka wata wutar ba a Kano ta kama ba, da ita ta taho. In za ku sayi mota ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, dole wutar ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba an cire ƙwan. Kuma in dillali ya share ta da safe, na'ura za ta nuna cewa gwaje-gwajen birenbos ba su kammala ba.

Anti Nas: Ni ba na jin yaren inji, amma maganar "wa ya shinshina salansa" ce ta tsaya mini. Akwai masu shinshinawa, Alhaji. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a danja, bakin salansa daidai fuskarta yake in ta sunkuya. Ɗan sahu da ke bayanka a cunkoso. Hanifa a kujerar baya in akwai ɓula a ƙasan mota. Iskar da ke kashe iyali in sun kwana da janareto a ɗaki, ita ce dai ke fita ta salansa, ba launi ba wari, kuma rage ta na cikin aikin wannan indomin. Da hunturu ga ƙura ga hayaƙi, ku zo ku ga masu asma a layi.

Direban Zariya: Anti da tirela da tifa da janareton kowane shago a garin nan, Corolla ɗaya ce za ta ɓata iska? Talaka ya ji da mai ko ya ji da indomi?

Anti Nas: Kai ka ce mu leƙa mota goma a tasha. Ba ɗaya ba ce ke nan.

Ɗan Sabon Gari: Ku bar ma wannan, man da muke sha fa? Ku tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol, motoci nawa suka kwanta? Ga 'yan bumburutu da jarkokinsu.

Oga Rewaya: Mai mara kyau na kunna ta, haka ne. Amma akwai wanda mu ke yi da hannunmu. A gidan mai famfo ya yi ƙas ya tsaya, sai ka ga mutum ya dafa but yana jijjiga mota, wai a cika har wuya. Rarar nan wata 'yar tukunyar gawayi take gangarawa, wadda tururin fetur kaɗai aka yi ta ta riƙe. Ta jiƙe, wuta ta kama. Haka matatar iska, shekara biyu ana busa ta da kwamfuresa ana mayarwa har ta yage, ƙurar hunturu ta hau kan sensar iska, sai ga P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Wannan sau da yawa wankin sensa da sabuwar matata ne, ko wani tiyo da ya tsage. Alhaji, da aka sa maka kwamfuta, wace lamba aka ce ta fito?

Baban Hanifa: Wallahi ban tambaya ba. Ya danna ya ce ya share, na biya na tafi.

Oga Rewaya: To kuɗin sharewa ka biya, ba na dubawa ba. Koma ka ce kada ya share, ka ɗauki hoton allon.

Baban Hanifa: Na dawo jama'a. Uku ne: P0420, P0128, sai P0302. An buɗe an duba, babu tamostat, ban ma san ba ni da shi ba. Kuma gaskiya kwanan nan takan ɗan yi rawa a silo in na kunna AC, na ɗauka mai ne.

Oga Rewaya: Biyun farko ƙila su ne tsofaffin baƙinka. Ta ukun sabuwa ce, silinda ta biyu ce ke fashi, ta shigo ta ɓuya a bayansu. Kada ka sayi komai tukuna. A musanya kwayil na biyu da na uku, a share, ka zagaya. In lambar ta koma P0303 kwayil ne. In ta tsaya a P0302 a duba fulogi da nozul.

Baban Hanifa: Kwayil zan gyara, tamostat ma zan duba aljihu. Amma indomi kam ban saya ba, ko Anti za ta yi fushi. Ke nan wutar ba za ta mutu ba, ina nan kan bakana.

Baba Mai Gareji: Kawo ta gobe bayan azahar. Ka taho da ruwan lagireto na gwangwani, na yi alkawari a gaban jama'a. Salatif ɗin kuma ka ɓare shi tun a gida, kada yarana su yi maka dariya.

Direban Zariya: Alhaji in ka ɓare kada ka yar, ina so.