Wa ya taɓa shiga gidan shayin gargajiya a Japan? Ku zo ku ba mu labari

Ɗan Zazzau

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu watan Mayu zan je Kyoto wani taro na wurin aiki, kuma ranar ƙarshe ba mu da komai. Ni mashayin shayi ne tun ina yaro a teburin mai shayin unguwarmu. Ina so in shiga irin gidajen nan nasu inda ake jiƙa ganye a buta a gaban mutum. Wanda ya taɓa shiga, don Allah me zan ce a kawo min, yaya ake zama, kuma akwai abin da Musulmi zai kiyaye?

Maman Biyu

Wa'alaikumus salam Malam. Shekararmu uku a Kyoto, maigida yana karatu. Da farko ka rarrabe abu biyu, don ni ma sai da na zo na gane. Akwai macha, garin ganye da ake kaɗawa da tsintsiyar gora har ya yi kumfa, shi ne na bikin shayin da ake nunawa a talabijin. Akwai kuma na ganye, irin su sencha da gyokuro, wanda kake nema.

Ka hau jirgin ƙasa ka tafi Uji, garin da ya yi suna da shayi, tafiyar ba ta kai minti 30 daga tashar Kyoto. A bakin gadar garin akwai shagon Tsuen, wanda tarihinsa ya koma har 1160. Tun daga kan titin da ke zuwa haikalin Byodo-in, wanda hotonsa ke jikin kwabon yen 10, ƙamshin ganyen da ake gasawa zai tare ka.

Ranar da na fara shiga wani ƙaramin gida a can, matar ta ajiye min faranti da buta mai mariƙi a gefe, suna ce mata kyusu, da kofi ƙarami kamar na gahawa, da wani kasko mara komai a ciki. Ashe kaskon na huce ruwa ne. Ta zuba tafasasshen ruwa a ciki, ta juye a kofi, ta sake juyewa, har sai da na iya riƙe kofin ban ji ƙuna ba, sannan ta zuba a kan ganyen. Muka yi shiru minti biyu. Abin da ya fito bai fi kurɓa uku ba. Na kai baki na ji kamar romo, mai kauri, da wani zaƙi a can ƙarshen harshe, alhali ko ƙwayar sukari babu. Wallahi sai da na ajiye kofin na kalli maigida. Har yau ban manta wannan kurɓar ba.

Tunda Mayu za ka zo, ka tambayi shincha, sabon ganyen shekara. Suna ƙirga dare na 88 daga farkon bazararsu, yana faɗawa wajen 2 ga Mayu, lokacin tsinkar farko ke nan.

Ɗan Damagaram

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni wata horarwa ta kai ni, na sha a Ippodo da ke titin Teramachi a cikin Kyoto, gidan da aka kafa tun 1717, suna da ɗakin shan shayi a cikin shagon. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne zubi uku. Mu a Zinder da Agadez wa zai tashi daga majalisa bai sha na uku ba? To su ma ganye ɗaya suke zuba wa ruwa sau uku, wani lokaci fiye. Sai dai tafiyar ta sha bamban. Namu na farko shi ne mai ɗaci, don a kan gawayi muke tafasa ganyen, sukari ya yi ta danne shi har na ƙarshe ya zo da sanyi. Nasu na farko shi ne mai zaƙi, ruwan na biyu ya fi zafi kuma ba a jira sosai, na uku ya fito da ɗan bauri mai wanke baki.

Ganyen ma ba ɗaya ba ne. Wanda muke saye a kasuwa na Sin ne. Su Japanawa da tururi suke turara ganye da zarar an tsinko, sannan a murza a busar, shi ya sa yake fitowa kore shar, siriri kamar allura. Wani manomi mai suna Nagatani Soen ne ya fito da wannan hanyar a 1738 a Ujitawara, kusa da Uji.

Shawarata ɗaya, ƙanina: in kana tsiyayewa kada ka bar ko ɗigo a buta. Ɗigon ƙarshe ya fi kowanne ƙarfi, kuma ruwan da ya kwanta a ƙasa shi ke ɓata zubi na biyu. In ku biyu ne, zuba kaɗan nan kaɗan can, ka dawo, don kofunan su zo daidai.

Mai Kayan Mota

Ni dai gyokuro bai karɓe ni ba, kuma ina ganin gara a faɗa maka tun yanzu. Warin ganyen teku na ji, ga shi da ɗumi-ɗumi, ni kuwa na saba shayi ya ƙona leɓe. Sai da na koma na biyu na ce a ba ni hojicha, wanda ake gasawa ya yi ja, ana zuba masa ruwa mai zafi sosai. Wannan kam na sha na ƙara. Akwai genmaicha ma, da gasasshiyar shinkafa a ciki.

Kuma Alhaji ka rage turare ranar. Na shiga da turaren da na saba fesawa, ɗakin ƙarami, ba wanda ya ce min komai, amma na ga mai hidimar ta buɗe taga. Daga baya abokin kasuwancina a Nagoya ya bayyana min cewa ƙamshin ganyen rabin abin da mutane suka biya kuɗi dominsa ne. Abin ya dame ni, don na ɓata wa wasu zamansu ban sani ba. Shi ne kuma ya kai ni Tokoname, garin maginan buta, na sayo wa mahaifiyata ta jan yumɓu.

Ɗalibar Fukuoka

Baba Mai Kayan Mota, da ka ba shi dama ta biyu! Mu nan kusa da Yame muke, kuma gyokuronsu ya yi suna a duk ƙasar. Na je gona na ga yadda ake yi. Kimanin kwana 20 kafin tsinka ake yi wa bishiyoyin rumfa, masu bin tsohuwar hanya da asabarin karan shinkafa suke rufewa. In rana ba ta bugi ganye ba, sinadarin da ke kawo zaƙin nan irin na romo ba ya juyewa ya zama mai bauri. Zafin ruwa kuma shi ke fito da ɗaci, shi ya sa gyokuro digiri 50 zuwa 60 ake ba shi, sencha 70 zuwa 80.

A ƙauyen Hoshino a kofi mai murfi aka ba mu, ka ɗan zame murfin ka tsotsi ɗigon. Bayan zubi na ƙarshe sai aka ce mu cinye ganyen. Ya yi laushi kamar dafaffen alayyafo.

A nan ne maganar Musulmi ta shigo, Yaya Ɗan Zazzau. Shayin kansa ganye ne da ruwa. Amma miyar da ake ɗiga wa ganyen, ponzu, sau da yawa akwai mirin a ciki, wato giyar shinkafa ta girki. Ni gishiri nake roƙa, kuma ba a taɓa hana ni ba. Kayan zaƙin da ake haɗowa da shi, wagashi, yawanci jan wake ne da sukari da garin shinkafa, kuma wani nau'insu mai suna yokan da kanten ake daskarar da shi, kanten ɗin daga ganyen teku yake. Duk da haka na zamani wasu suna da jelatin, wanda daga dabba ake samunsa, ko ɗan barasa, don haka ka rubuta tambayar a waya da Japananci ka nuna musu.

Hajiya Kaka

Ni ɗana ya kai ni. Ka sa safa mai tsabta, don ana cire takalmi kafin a taka tabarmarsu. Zaman durƙuson nan kamar na tahiya ne, amma ya fi shi daɗewa, gwiwata ba ta ɗauka ba, suka kawo min ƙaramar kujera ba tare da na roƙa ba. Kada ka bar musu tukwici a tebur, ba al'adarsu ba ce, za su biyo ka da kuɗinka.

Ɗan Zazzau

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tsayar da Uji da safe, gyokuro tukuna, in bai karɓe ni ba in bi sawun Alhaji Mai Kayan Mota in nemi hojicha. Hajiya Maman Biyu, in na sayo shincha, zai jure zafin Zariya, ko sai na ajiye shi a firij?

Maman Biyu

Ka sayi ƙananan ƙunshi maimakon babba ɗaya. Wanda ba ka buɗe ba ya zauna a firij, in ka fito da shi ka bari sanyin ya sake shi kafin ka yanke bakin ledar, don kada raɓa ta shiga. Wanda ka buɗe kuma ka matse iskar, ka nisanta shi da daddawa da kayan yaji, ka shanye cikin wata ɗaya.