Rumfar Oktabiya ta birnin Rum: aikin wane zamani ne yake tsaye?

Ɗalibar Zane-zanen Gine-gine:
Assalamu alaikum. Malamai, ina nazarin Rumfar Oktabiya da ke birnin Rum, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Ana danganta ginin da Sarki Agustas, amma rubutun da ke saman ƙofar sunan Sarki Sebtimiyus Seberus da ɗansa Karakala yake ɗauke da shi. Haka kuma a fuskar ƙofar akwai ginshiƙan marmara biyu a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa bakan gizo ne na jan bulo. Wane ne ainihin mai ginin?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malama, gini ne a kan gini. Wanda ya fara kafa rumfar shi ne Metelus, wani kwamandan sojan Rum, bayan nasarar da ya samu a Makidoniya, wajen shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kewaye ɗakunan bautar gumakan Romawa Juno da Jufita da jerin ginshiƙai, ya kuma jera mutum-mutumin mahayan Iskandari Mai Girma na tagulla da ya kwaso ganima. Daga baya Agustas ya sake ginin, ya sa masa sunan 'yar'uwarsa Oktabiya, aka ƙara ɗakin karatu. Gobara ta ci wurin a shekara ta 80 Miladiyya, ta sake cinsa daga baya, sai Seberus da Karakala suka gyara shi a shekara ta 203. Zauren shiga da kike gani yawancinsa aikinsu ne, shi ya sa sunansu yake sama.

Tsohon Magini:
Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan goshin ƙofar. Duk wanda ya duba ta ciki zai ga gutsattsarin tsofaffin ginshiƙai da duwatsun da aka sassaƙa tun da, an cusa su cikin bango, alhali ta waje an gyara fuskar tsaf. Maginan 203 ba su zubar da abin da wuta ta rage ba, kuma ina ganin wannan hikima ce.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka, Baba. Shi kuwa bakan gizon, an ɗora shi ne bayan zamanin daular Rum, a gurbin ginshiƙai biyu da suka lalace, ya zama mashigar cocin Sant'Angelo da aka gina a ƙarni na 8. Wurin ya yi ƙarnuka da dama yana kasuwar kifi, kuma sai da masu tonon kayan tarihi suka kwashe ƙasar da ta taru kafin tsohon daɓen ya bayyana can ƙasa da titin yau.