Yadda ake yi wa zomon daji kuɗi a Kaduna

Mafarauta da masu sayar da naman daji sun haɗu a kan cewa zomo ba a kilo ake sayar da shi ba, ɗaya-ɗaya ake ciniki. Ma'aunin da suka fi bi shi ne kuɗin kazar Hausa a kasuwar ranar, kamar ta Kawo, sai a ɗaga ko a sauke gwargwadon girmansa. Babba kan kai kilo 2, amma in an feɗe an cire kayan ciki, kusan rabi ke saura.

Abin da ya fi karya farashi shi ne shakkar yanka. Mai saye Musulmi zai tambaya, shi ya sa ake barin kai a jiki a ga wurin wuƙa. Wanda karnuka suka yayyaga ko harsashi ya fasa masa ciki, kashi ya riga ya ɓata naman, sai dai a sayar da araha.

A cire hanji nan take. A zafin Maris da Afrilu, zomon da aka kama da asuba aka bari da cikinsa, kafin azahar ya fara wari. Wanda ba za a sayar a ranar ba, a kyafe shi a wuta mai laushi, garwashi ba harshen wuta ba, don kada waje ya ƙone ciki na ɗanye. Hanta mai fararen ɗigo kuwa, a yar.

Da rani, bayan girbi, zomo ya yi yawa, kuɗi ya sauka. Dajin Kamuku na Birnin Gwari dai an hana farauta a cikinsa.