Muhawara: wai tsohuwar a-kori-kura mai dizal ce kaɗai ke iya jan tirelar kwana?

Baban Ikram (Dallas): Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu tirelar kwana irin ta tafi-da-gidanka ɗin nan, mai ɗaki da kicin da banɗaki, irin wadda ake maƙala kanta a tsakiyar bodin mota ba a bamba ba, nauyinta in an loda ta zai kai laba 12,000. Yanzu motar ja nake nema, na ga wata a-kori-kura Ford F-250 ta 2012 mai injin dizal lita 6.7, ta ci mil 210,000, mai ita ya ce dala 21,000. Ni dai ra'ayina shi ne duk mai son jan tirela a nan Amurka tsohuwar dizal ce maganinsa, mai fetur wasan yara ce, dizal kuma sai ta yi mil dubu ɗari biyu ma take fara zama mota. Wanda ke da ja ya fito.

Direban Babbar Mota (Indiyana): Wa alaikumussalam. Babu ja Alhaji, gaskiya ka faɗa. Duk wanda ya taɓa hawa babban titin I-70 zuwa ramin Eisenhower a Kolorado ya sani, wajen ya haura ƙafa 11,000, iska ta yi ƙaranci, injin fetur mara tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, sai ka ji yana ta kururuwa amma ba ya gaba, dizal kuwa tabo na tura mata iska tana tafiya abinta. Kuma hawan ma ba shi ne abin tsoro ba, gangaren da ke bayan ramin zuwa Silverthorne shi ne, in ba ka da birkin salansa, wanda ke sa injin da kansa ya riƙe motar, ƙafarka na kan birki har ka fara jin ƙauri.

Makanike (Kolambos): Alhaji ka yi haƙuri ni ina da ja, kuma babba. Maganar nan ta wai dizal ba ta mutuwa, da can ne, zamanin injin dizal 7.3 da Ford ta daina sawa a 2003 da Cummins 5.9 na motocin Ram da ya ƙare a 2007, injina ne da ba su da tarkace, ka ba su mai mai kyau ka canza bakin mai shikenan. Daga 2007 doka ta tsananta kan hayaƙi aka sa matatar toka a salansa, DPF, a 2011 kuma Ford da Chevy suka ƙara ruwan DEF da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, Ram ta biyo baya a 2013. To taka ta 2012 duk tana ɗauke da waɗannan, ga sensa nan birjik kowacce da ranar mutuwarta. Injin kansa zai iya kai mil dubu ɗari huɗu ban musa ba, amma abin da ke kewaye da injin shi ke cinye aljihu.

Baban Ikram (Dallas): To ai shi ya sa ban nemi Ford mai injin 6.0 ba Malam, kowa ya san labarinta.

Makanike (Kolambos): Eh 6.0 ta 2003 zuwa 2007 ta yi suna da ƙona gasket da matsalar na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji (EGR) da ta sanyaya bakin mai, wannan ka tsallake. Amma ka tambayi mai motar maganar famfon mai? 6.7 ɗin nan famfon CP4 ne a ciki, shi ne kuma a injin Duramax na Chevy na 2011 zuwa 2016, in ya tashi lalacewa ba ya mutuwa shi kaɗai, garin ƙarfe yake niƙawa ya watsa cikin nozul da layukan mai har tanki, sai an canza kusan komai. Ram ta sa famfon a 2019 da 2020 daga baya ta kira motocin aka canza. Ba wai kowacce ce ke yi ba, da yawa suna nan lafiya lau, amma wanda ta faɗo wa dubban daloli ne a zama ɗaya.

Maman Sadiq (Hustan): Ni fa kun rikita ni, wani ya ce dizal wani ya ce fetur, jiya maigidan ya ce min motar gas zai saya na ce to ai gara, ashe fetur yake nufi. Mu a gida gas ai shi ne dizal.

Direban Babbar Mota (Indiyana): Hajiya wannan rikicin ya kusa sa wani ƙanena zuba wa mota abin da ba nata ba satinsa na farko a ƙasar nan, Allah ya sa bakin famfon dizal ya fi faɗi ya ƙi shiga.

Kawu (Miniyapolis): Bari in ba ku nawa tunda na ɗanɗana. Na sayi irin wannan babbar dizal ɗin hannu na biyu saboda tirelar da muke fita da ita sau uku ko huɗu a shekara, sauran kwanakin kuwa daga gida zuwa wurin aiki ne mil shida, sai masallaci ranar Juma'a. Ashe matatar nan sai ta yi zafi a doguwar tafiya take ƙone tokar da ta tara, ni kuma kafin injin ya ɗumama na iso na kashe. Wata rana da asuba cikin sanyin Janairu allon gaba ya rubuto min saƙo, motar ta rage ƙarfi da kanta, ina ta lallaɓawa a gefen titi da fitilun gargaɗi kamar mai rakiyar amarya, yara a baya suna tambaya Baba lafiya. Ba laifin motar ba ne ni ne na sayi raƙumi ina aikensa cefane. Ga jona hitar inji da wuta kullum dare, ga maganin da ake zubawa a tanki kar man ya daskare. Na sayar na koma mai fetur, a hawa tana ihu tana shan mai kamar ba gobe, amma sau huɗu ne a shekara, na haƙura.

Direban Babbar Mota (Indiyana): Kawu ai Dallas ba Miniyapolis ba ce, ina shi ina daskarewar mai.

Kawu (Miniyapolis): Ɗana ka manta sanyin Fabrairun 2021 kenan, Tekzas ɗin ma ta ji a jikinta. Amma na yarda ba kullum ba ne. Abin da ya ci riba shi ne tsatsa, motar kudu ba ta sha gishirin titi ba, mu nan sai ka leƙa ƙarƙashi ka ga shasi kamar ƙosai.

Ɗan Autan Group: Ni a ganina a cire DPF ɗin da DEF ɗin gaba ɗaya a huta, abokina ya yi motarsa ta dawo kamar zaki

Makanike (Kolambos): Auta kar ka jefa Alhaji a rami. Haramun ne a dokar tarayya ta tsaftar iska, hukumar kare muhalli EPA ta ci garejoji tara a kan wannan aikin, kuma dila da yawa ba za su karɓi motar a musaya ba. Ni ko kawo min aka yi ba na taɓawa.

Maman Sadiq (Hustan): To ni tambaya ɗaya, duk kuna ta maganar ja, ita motar za ta iya ɗauka? Mu da muka je sayen tamu mai sayarwa cewa ya yi mu buɗe ƙofar direba mu karanta 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke manne a jiki.

Makanike (Kolambos): Allah ya yi miki albarka Hajiya, nan ne maganar take wlh. Ja daban ɗauka daban. Irin tirelar Alhaji wajen kashi 20 cikin ɗari na nauyinta a kan bodin motar yake sauka, wato laba 2,400 tun kafin shi ya shiga, kafin Hajiya da yara, kafin ƙarfen maƙalawar da shi ma nauyi ne da shi, kafin kula da tukunyar shinkafa. Kuma abin da mutane ba sa lura injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, duk kuma daga cikin abin da motar za ta ɗauka ake cirewa, shi ya sa sau da yawa F-250 mai fetur ta fi 'yar uwarta mai dizal lambar ɗauka. Ford ma tun 2020 tana da 7.3 na fetur don irin wannan aikin.

Direban Babbar Mota (Indiyana): To ya nemi F-350 ko Ram 3500 mana, har yanzu dai dizal ɗin ce, ban sauka daga maganata ba. Laba 12,000 a bayan fetur ka nufi duwatsu, kai da gidan mai kun zama 'yan uwa.

Kawu (Miniyapolis): Sau nawa zai nufi duwatsun? Alhaji faɗa mana tsakaninka da Allah.

Baban Ikram (Dallas): Kawu ka kama ni. Hutun bazara sau ɗaya, sai ɗan zuwa tafkin Texoma in an samu dogon ƙarshen mako. Amma fa Kolorado na cikin lissafi yara sun matsa.

Makanike (Kolambos): In za ka je ganinta ka ce kar ya tayar kafin ka iso, ka ji tashinta da sanyi. Ka duba awannin inji a allo ba mil kaɗai ba, motar kamfani na iya wuni a kunne tana tsaye. Ka nemi rasiɗan canjin matatar mai, kuma ka sani kowane sabis bakin mai lita 12 da ɗoriya take sha.

Baban Ikram (Dallas): Na dawo yanzu. Ta tashi lafiya, ba hayaƙi, ƙarƙashi fes. Na buɗe ƙofa na karanta takardar Hajiya, laba 2,150 aka rubuta. Na tsaya ina ta lissafi a waya mai motar na kallona, ko ni kaɗai na shiga ba ta isa ba.

Direban Babbar Mota (Indiyana): Akwai wata 3500 a Oklahoma na gani jiya bari in turo maka.

Maman Sadiq (Hustan): Kafin ka turo a tambayi Maman Ikram ko ta yarda a ajiye mata mai taya huɗu a baya a ƙofar gida, ita ce za ta riƙa kai yara makaranta da ita.

Baban Ikram (Dallas): Tana karantawa a wayata Hajiya. Ta ce a nemi ƙaramar tirela.